Yunwar Aro

A cikin hujjojin da masu shan wiwi ke kafawa, babu wadda ta daɗe a kunnena kamar wai tana buɗe ciki. Tun ina saurayi a Kakuri ta Kaduna nake jin ta, zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, KTL da ta fara aiki a 1957 da ƙannenta UNTL da Arewa Textiles. A lokacin wasu 'yan dako da leburorin gini kan ce in ba su busa ba tuwo ba ya shiga, kuma ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yau masaƙun sun yi shiru, KTL ta rufe tun 2002, amma maganar tana nan daram a bakin jikoki, daga Makera har Sabon Tasha.

Ba zan ce ƙarya suke yi ba, domin yaro ba ya sauraron dattijon da ya musa abin da yaron ya ji a jikinsa. A cikin ganyen akwai sinadarin THC, wanda masana a Isra'ila suka tantance a 1964. Shi ke taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke gaya wa mutum ya ji yunwa ko ya ƙoshi, ya kuma ƙara wa hanci da harshe kaifi, sai ƙamshin suya ya zama kamar kira. Saboda haka ne tun 1992 Amurka ta yarda a riƙa bai wa masu ƙanjamau da suka rame maganin Marinol, mai ɗauke da irin wannan sinadari. Sai dai wancan a ma'auni yake, da likita a kai, ga wanda cuta ta hana ci. Ƙullin da ake saya a bayan kango babu wanda ya auna shi.

Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, wannan yunwa ta aro ce, kuma bashi ne mai ruwa. Da farko yaro zai riƙa ci ba ƙaƙƙautawa, amma ba abincin gida ba. Tuwo da miyar kuka na rufe a kwano, shi yana teburin mai shayi da tsakar dare: Indomie da ƙwai, biredi, lemun kwalba, duk abin da ke da zaƙi ko maiƙo. Uwa ta ga yana ci, ta ce girma ne.

In tafiya ta yi nisa, jiki ya saba, sai lamarin ya juye. Yunwar da Allah ya halicce shi da ita ta ja baya, ba ta zuwa sai hayaƙi ya kira ta. A ajiye masa koko da ƙosai da safe, har su huce bai taɓa ba. Kuɗin da ya samo a dako ko tuƙin Keke, ƙulli ke fara cin rabonsa kafin ciki. In ya haɗa da tiramol ko kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da maganin tarinsa a 2018, sai ka ga ido ya faɗa, wuya ya fito. Wasu da suka daɗe suna sha har amai mai tsanani ke kama su lokaci-lokaci, ba sa samun sauƙi sai sun yi wanka da ruwan zafi. Likitoci a Ostareliya sun bayyana wannan ciwo a 2004. Ganyen da aka nema don a ci, ya koma hana abinci zama.

Wurin da na ga iyalai sun fi faɗuwa shi ne ranar da yaro ya daina. Kwanakin farko ba ci, ba barci, ga saurin fushi. Sai shi ya ce, "Baba, kun gani ko, in ban sha ba mutuwa zan yi," uwa kuma hankalinta ya tashi. Wannan biyan bashin ne kawai, kuma yawanci cikin mako biyu yake lafawa. A lallaɓa shi da kunun gyaɗa, fura da nono, fate, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ba da tsawa ba. In abin ya fi ƙarfin gida, ga asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya nan Barnawa, suna duba masu shaye-shaye. Zuwa can ba abin kunya ba ne: binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6 a Najeriya, kuma kowannensu ɗan wani gida ne.

Ga 'yan'uwana magidanta, shawarata ɗaya ce. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana nan tun 1989, amma ba ta cin abinci da ɗanka. Uban da ake kai wa nasa kwanon ɗaki shi kaɗai, shi ne na ƙarshe da zai san abin da ke faruwa. Ku zauna ku sa hannu a tire ɗaya da samarinku, ko da sau ɗaya ne a rana, ku lura da wanda ya daina karin kumallo da wanda ke neman zaƙi bayan kowa ya kwanta. Canjin ci yakan fito da wuri, kuma a lokacin magana tana shiga.