Tayar Motar Gida Ma Ta Shafe Ki, Uwargida

A yawancin gidajenmu na Kwarbai, da an zo maganar mota sai mu ce harkar maza ce. To amma su wa ke cikin motar ranar biki a Kano, ko zuwa dubiya asibitin Shika? Mu ne da 'ya'yanmu. Shi ya sa tun da na fara tuƙi nake sa wa taya ido kamar yadda nake sa wa tukunyar gas.

Abin da ya fi damuna shi ne tayar Beljiyam. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙerawa a Legas a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, sabuwa da tsohuwa. Tsohuwar ta fi sauƙin kuɗi, ban musa ba, na san halin da aljihun maigida yake ciki. Sai dai roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma mai sayarwa ya iya wanke ta ya shafa mata baƙi ta yi ƙyalli. Wasu ma an yi su ne don ƙanƙarar Turai, za ki ga hoton dutse da ƙanƙara a gefensu. Robarsu laushi gare ta, kwaltar Zariya a watan Afrilu cinye ta take yi.

Shekarun taya a rubuce suke a jikinta. Ki duƙa ki nemi inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Idan kin ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Masu ƙera taya suna cewa daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa, kada kuma ta wuce 10 ko da zanenta na nan. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ma wannan lambar suke dubawa a hanya. Ni kam idan zan saya, sai na karanta da idona kafin a ɗaura.

Sai batun iska. Mai faci yakan buga taya da hannu ya ce "Hajiya, ta yi." Ba na yarda, sai ya sa geji. Adadin da motarki ke so yana kan wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Ƙarancin iska yana sa ta lanƙwasa ta yi zafi har ta fashe ana tsakiyar gudu.

Idan gefe ɗaya ya fi cinyewa, saitin ƙafa ne ya goce. Idan kuwa kin ga ƙulli ya kumburo a gefenta, sau da yawa bayan faɗawa rami, wannan ba ta faci ba ce, a cire ta.

In kuɗin biyu kawai ake da su, a sa sababbin a baya, don idan baya ya zame a damina ya fi wuyar riƙewa. Girman kuma ya dace da wanda ke kan takardar nan, misali 195/65 R15. Safayar da ke but ita ma a auna ta duk wata tare da sauran, domin tana sacewa a kwance.