Kafin ka tambayi kuɗin inji, tambayi wa zai gyara shi

Waɗanda suka saba da ni a nan sun san maganata ba ta wuce farashin mai da dala da wutar lantarki ba. Yau kuma ga ni da maganar inji. Ku yi haƙuri ku biyo ni, a ƙarshe za ku ga duk tafiyar ɗaya ce.

Shekaranjiya wani ƙanena a sana'a ya turo mini hotunan injuna uku ta WhatsApp, ya ce, "Yaya, wanne zan saya? Adashena ne ya fito, kuma idan na yi kuskure ba ni da wani kuɗin." Na fara ba shi amsa da murya, sai na ga abin ya yi tsawo, na ce bari kawai in rubuta a nan, ko wani ma ya amfana.

Injin da muke magana shi ne ƙaramin injin zarton nan da ake ɗorawa a kan benci, mai siririn baki kamar tsinke, yana hawa yana sauka, kai kuma kana juya katako da hannu biyu kana bin zane. A jikin kwali scroll saw aka rubuta, mu a shago injin ado muke ce masa. Da shi ake fitar da fulawar fuskar gado, da haruffan suna, da rubutun Larabci na rataya a bango, da kayan wasan yara. Wanda yake taɓa shi sau ɗaya a wata, kowane iri ya saya zai yi masa. Amma wanda da shi yake cefane, kullum awa huɗu ko biyar, maganarsa daban ce.

Injina na farko sabo na saye shi fil a kwali. Abin da ya ja ni, ba zan ɓoye ba, kwalliya ce da sauƙin kuɗi. Yana da fitila, yana da maɓallin ƙara gudu da ragewa, har da ɗan gilashi mai nuna lamba. Na yi shekara biyu da wani abu ina aiki da shi, ina haƙuri da rawarsa da ƙararsa.

Sai watan Oktoban 2024 ya zo. Kun tuna lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako a cikin duhu. A daidai lokacin ne nake da aikin wata makarantar Islamiyya: alluna 32 na yaran da za su yi saukar Alƙur'ani, kowanne da sunan mai shi a yanke da Larabci. Na karɓi rabin kuɗi, an sa ranar walima, an raba kati.

Babu wuta, litar fetur ta haura naira dubu, sai muka yi karo-karo da maƙwabcina mai walda muka tayar da janaretansa. Duk wanda ya san walda ya san yadda wuta take yi idan ya ɗosana ƙarfe: ta ja baya, ta dawo da ƙarfi. Ina kan allo na goma sha biyu na ji wani ɗan ƙara, sai ƙauri. Inji ya tsaya cak.

Na ɗauke shi a mashin na kai wa wani dattijo mai naɗin koyil, mutumin da ya yi shekaru yana tayar da matattun fankoki da injin markaɗe. Ya kwance, ya duba, ya ce, "Malam, motarka lafiyarta ƙalau. Wannan ɗan fanel ɗin ne ya ƙone, shi kuma ba gyara shi ake ba, canzawa ake." Na zaga kasuwa kwana biyu, babu. Wanda ya sayar mini ya ce sun daina kawo irinsa. Wani yaro ya duba mini a intanet ya samo, amma da dala, kuma sai ya yi makonni kafin ya iso. Dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, a lokacin ta wuce 1,500.

Da zarton hannu muka ci gaba, ni da yaron shagona, da fitilar waya, har ƙarfe biyun dare. Ranar walima alluna 26 na kai. Shugaban makarantar bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ba komai Malam, Allah ne bai nufa ba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ina tsaye a bayan rumfa wata yarinya, ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, ta je ta tambayi malamarsu a hankali ina nata allon. Na kai sauran shidan bayan kwana biyar, amma hoton walima an riga an ɗauka.

Laifi ba na inji kaɗai ba ne. Ni na jona shi kai tsaye a janaretan walda babu sitabilaiza, wannan wautata ce. Amma da na je na ba maigidana labari, wanda ya koya mini sana'a, sai ya yi murmushi ya ce, "Kai yaro, kafin ka tambayi kuɗin inji, fara tambayar wa zai gyara shi idan ya mutu." Na ce, "Baba, ai da ka faɗa mini tun farko." Ya ce, "Da na faɗa ma ba za ka ji ba, fitilar ce ta ɗauke maka ido."

To ga abin da na faɗa wa ƙanen nawa, kuma shi zan faɗa wa kowa.

Fara da mota. Yawancin injunan nan masu maɓallin sauya gudu suna da mota mai kabon, da fanel da ke sarrafa ta. Kabon yana cinyewa, amma wannan ba abin damuwa ba ne, ana samu kuma ba tsada. Fanel ɗin shi ne raunin, domin ba ya jure wutar da ke hawa da sauka. Akwai kuma masu mota irin ta injin markaɗe, wadda ba ta da kabon, gudunta ɗaya, wajen 1,400 a minti a irin wutarmu. Ita wannan ba abin da ke gogar wani a cikinta sai boris. Idan ta ƙi tashi galibi kafasito ne, idan koyil ya ƙone kowane mai naɗi a unguwa zai naɗa maka. Gaskiya mai gudu ɗaya yana da nasa naƙasu: roba ko tagulla sun fi son a rage gudu, kuma ɗan koyo ya fi samun natsuwa a kan mai tafiya a hankali. Idan aikinka ya tilasta maka mai sauya gudu, to kada ka biya sai ka ga fanel ɗinsa na canji da idonka, kuma ka haɗa da sitabilaiza a cikin lissafin kuɗin.

Na biyu, karanta ɗan farantin da ke jikin motar. Wutarmu bolt 230 ce, mita 50. Ta Amurka bolt 120 ce, mita 60. Akwai injin DeWalt mai lamba DW788 da masu wannan sana'a a Amurka suke yabo ƙwarai, kuma ya cancanci yabon, amma don wutar can aka yi shi. Idan ɗan'uwa ya aiko maka da irinsa, ko ka tsince shi a kayan gwanjo, sai ka nemi taransifoma mai sauke wuta, kuma ranar da yaro ya manta ya jona shi kai tsaye, shi ke nan. Kayan Turai, kamar na kamfanin Hegner na Jamus, wutarsu ɗaya da tamu.

Na uku, ɗaga shi ka ji. Inji mara nauyi rawa yake yi, rawa kuma ita ke kwance noti, ta ci boris, ta karya baki, ta sa layinka ya karkace. Nemi mai gindi da faranti na zubin ƙarfe. Ka ce a kunna maka, ka ɗora kofin ruwa a kan farantin. Idan ruwan yana ɗan motsi ne kawai, madalla. Idan kofin ya fara tafiya da kansa, kai ma ka yi tafiyarka. Bayan an kashe, kama hannun sama ka girgiza shi hagu da dama. Duk wasan da ka ji a nan, a kan katakonka zai fito.

Na huɗu shi ne wanda mutane ba sa kula da shi: wurin da ake ɗaure baki. Bakin zarton iri biyu ne, mai ƙusa a kai da mara ƙusa, duka tsawonsu inci biyar. Mai ƙusa ya fi sauƙin sawa, amma sai ka huda rami mai faɗi kafin ya shiga. Yanzu ka ɗauki rubutun Larabci. Cikin mim, cikin wau, cikin sad, kowanne sai ka huda ɗan rami, ka kwance baki, ka zura shi, ka sake ɗaurewa. Ramin da bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, mara ƙusa kaɗai ke shiga. Allo guda yana iya sa ka kwance ka ɗaure sau ashirin. Lissafa a wata. Shi ya sa ɗan notin nan da ke matse baki ya fi komai saurin mutuwa. Idan mazauninsa na alminiyom ne mai taushi, zaren ciki zai zame. Duba ko ƙarfe ne, ko ana kwancewa da hannu ba sai da sifana ba, ko notin irin wanda za ka samu a wajen masu noti ne.

Na biyar, faɗin maƙogwaro, wato nisan da ke tsakanin baki da bayan inji. Mai inci 16 ya ishi mai yin alluna da haruffa. Mai yin fuskar gado ko adon ƙofa ya nemi inci 18 ko 20. Kada ka biya kuɗin girman da ba za ka yi amfani da shi ba.

Ni dai daga baya tsoho na saya, na hannu, ɗan Jamus, fentinsa duk ya kakkaɓe, babu fitila, babu lamba, maɓallinsa ɗaya: kunna da kashewa. Ya fi sabon tsada, har sai da na sayar da wayata na cika. Uwargida ta dube shi ta ce, "Wannan tsohon ƙarfen ka ba da waya a kansa?" Kafin in biya, na ɗauki dattijon nan mai koyil muka je tare. Ya saurari ƙararsa, ya taɓa jikin motar bayan ta yi minti goma tana aiki, ya ce, "Saya. Ko ya mutu zan tashe shi." Maganar da nake son ji ke nan.

Kulawar da nake masa ba ta da yawa. Kullum kafin in rufe shago in saki ɗaurin baki, don kada ya kwana a miƙe. In kakkaɓe ƙura da buroshi, musamman lokacin hunturu da kuma ranar da na yanka MDF, wanda ƙurarsa ko ga huhun mutum ba ta da kyau, sai da takunkumi. Lokaci zuwa lokaci in ɗiga mai a mahaɗar hannuwa. Baki kuma ba na jiran ya karye, da ya fara ƙona katako nake canzawa, domin dakusasshen baki shi ke sa ka tura da ƙarfi, turawar kuma boris take ci. Wutar da yake sha ba ta fi ta tsohon ƙwan fitila mai wat 100 ba, don haka yanzu ƙaramar sola da inbata suke riƙe shi. Tun ranar ban sake haɗa shi da janaretan walda ba.

Abin da ya sa na ce maganar ɗaya ce da wadda muka saba: tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira, aka kai wutar rukunin A naira 225 a Afrilun 2024, lissafin mai ƙaramar sana'a ya canza. Da, idan inji ya mutu, sai ka yi tsaki ka sayi wani. Yanzu wanda ka saya bara, bana kuɗinsa ba zai sayo maka shi ba. Kowane sayen kayan aiki ya zama kamar aure, sai ka binciki dangi: ina kayan gyaransa, wa ya san cikinsa, zai iya zama da irin wutarmu? Tela da kekensa, mai markaɗe, mai firjin ƙanƙara, mai walda, duk tambayar ɗaya ce. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuma na ƙara da cewa ado ma ba ya aiki.

Ƙanen nawa ya ce to a cikin ukun wanne? Na ce masa babu wanda zan zaɓa daga hoto. Ranar Asabar za mu je tare, da kofin ruwa, da guntun katako, da mai koyil idan ya samu sarari. Idan babu na kirki a ciki, ya riƙe kuɗinsa ya ƙara wata guda. Jira ya fi tsayuwa a bayan rumfar walima.

Kafintoci da masu gyara da ke nan, idan akwai abin da na manta ku ƙara masa. Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya kawo mana sauƙi a ƙasar nan.