Tutar da Ta Yi Ƙiba

Duk wanda ya tsaya gaban wannan allo a makon 1 ga Oktoba ya ga tutar Nijeriya a saman shafinmu. Abin da ba ku sani ba, wadda kuka gani ita ce ta biyu. Ta farko tana naɗe a ƙasan kabad ɗin kulob, kuma yau mun yarda mu tona wa kanmu asiri.

Ga yadda aka yi. Mun sami ƙaramin hoton tuta a littafi, faɗinta santimita 5, tsawonta santimita 10. Muna son faɗin ya kai 25 a kan kwali. Sai muka ce daga 5 zuwa 25 an ƙara 20, don haka tsawon ma a ƙara masa 20, ya zama 30. Mu shida ne a wurin, 'yan babbar sakandare, babu wanda ya ce uffan. Muka ja layi, muka shafa kore da fari. Muna cikin yaba aikinmu, wata yarinya 'yar aji huɗu na firamare da ke jiran yayarta ta leƙo ta ce, "Yaya, wannan tutar ai ta yi ƙiba."

Muka yi dariya, amma da muka ja baya muka duba, gaskiyarta ce. Kaɗan ya rage ɓangarorin huɗu su zo daidai da juna.

Malamin lissafi bai yi mana faɗa ba. Tambaya ya yi: "A ƙaramin hoton, faɗi nawa za ku jera kafin ku sami tsawon?" Muka ce biyu. "A taku fa?" Muka auna, ɗaya ne da ɗan guntu. Ya ce tutar da Michael Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, wadda aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba 1960, tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, ko tana kan sanda ko tana kan bajon riga. Tunda 5 ta koma 25, an ninka ta sau biyar ke nan, don haka 10 za ta koma 50. Ya kuma nuna mana cewa ƙananan tutoci 25 ne za su rufe babbar, biyar a jere har layi biyar, shi ya sa fentinmu ya kusa ƙarewa.

Abin da ya fi ba mu kunya, duk mun haddace jadawalin sau tun muna ƙanana. Malam ya ce haddar ba ita ce matsalar ba. Akwai hanya biyu ta kwatanta abu da abu: "ya fi shi da nawa?" da kuma "ya ninka shi sau nawa?" Yaro kan fara da ta farko, in ba a zaunar masa da ta biyu a aji uku da huɗu ba, sai ya girma yana tarawa a inda ake ninkawa. Ya ce in muna son gani da idonmu, mu tsallaka ɓangaren firamare.

Da izinin shugabar firamare da malamar ajin, muka yi Alhamis huɗu muna zuwa aji huɗu lokacin tara, ɗauke da leda cike da murafen lemo.

Ranar farko muka ce Ƙani yana da marfi 4, Yaya ya fi shi da 3. Kowa ya ce 7. Muka ce to, Ƙani yana da 4, na Yaya ninki uku ne na nasa. Da yawa suka sake cewa 7. Maimakon mu ce sun yi kuskure, sai muka sa suka tara murafe huɗu wuri guda, muka ce wannan kashin Ƙani ne, a yi wa Yaya irinsa har kashi uku. Da suka ƙirga 12, wani yaro ya ce, "Ashe kamar kashin tumatir ne a kasuwar Kawo!" Daga ranar kalmar kashi ta zama abin aikinmu.

Mako na biyu ne ya ba mu wuya. Muka juya tambayar: Yaya yana da 12, kuma ninki uku ne na abin da Ƙani yake da shi, nawa ne na Ƙani? Suna jin ninki suka ruga suka ce 36. Malamar ajin ce ta cece mu. Ta ce kafin kowa ya taɓa fensir, a fara amsa mata abu ɗaya: wa ya fi yawa? Sannan ta ja dogon layi a allo na Yaya, ta raba shi gida uku, ta ja guntu ɗaya a ƙasa na Ƙani. Huɗu ta fito da kanta.

Mako na uku muka kawo zoɓo. In ana sa sukari gwangwani 2 a ruwa kofi 10, aka tashi yin kofi 30, sukari nawa? Wata ta ce 22, tunda an ƙara 20. Ajin ya fashe da dariya, ita ma ta ce wannan ai zuma ce. Mu kam ba mu yi dariya sosai ba, don lissafinta shi ne lissafin tutarmu. Amsar 6 ce.

A mako na ƙarshe muka bar musu wannan: uba yana da shekara 30, ɗansa 10, ninki uku ke nan. Bayan shekara goma, 40 da 20, ya koma ninki biyu, alhali tazarar shekara 20 tana nan. Har aka buga ƙararrawa suna musu.

Wannan lissafi yana biye da mu ko'ina a garin nan. Telan Kasuwar Barci da zai ɗinka wa 'yan biki anko, maginin da ke haɗa siminti da yashi, uwar da za ta dafa wa baƙi ashirin abin da ta saba dafa wa biyar, duk ninki suke yi. Daga tashar Kawo zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne, zuwa Kano kimanin 230. Kano ta fi nisa da wajen kilomita 150, ko ka ce kusan ninki uku. Duka biyun daidai ne, amma tambayoyinsu daban.

Roƙonmu ga malamai, cikin girmamawa, a bar yaro ya faɗi tambayar da Hausa, ya kasa ta da hannunsa, kafin ya gamu da ita da Turanci a takardar jarrabawa. Ku kuma 'yan uwa masu ƙanne a gida, yau da daddare ku yi musu tambayar murafen nan, in sun ce 7 kada ku yi musu tsawa.

Tutar farko za mu liƙa ta gefen wannan rubutu har ranar Juma'a. Ku zo da rula ku auna. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida