Hirar Ingila Tsakanin Karaye da Rogo

Da sanyi, hanyar Karaye zuwa Rogo gwanin sha'awa ce: gonakin rake hagu da dama, ga ƙamshin mazarƙwaila daga inda ake dafa ta. Sai dai in ma'aikatan jinya muka haɗu a mota ɗaya, ba a nisa hira ta koma Ingila.

Kowa ta haddace matakan: jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, sai CBT, sannan OSCE bayan an sauka. Takardar zaman dindindin kuwa sai an shekara biyar ana aiki, kuma a watan Mayun 2025 gwamnatinsu ta kawo shawarar mayar da ita goma. Shekara biyar fa, iyaye mata! Yaron da aka bari wajen kaka yana tatata, ya shiga firamare ke nan.

Ban ga laifin mai tafiya ba, albashin nan ba ya kai ƙarshen wata. Amma idan naƙuda ta tashi da tsakar dare a ƙauyukan bayan madatsar Challawa, ungozoma ake nema kusa, ga shi ƙwararrun cikinmu su ne ke cike fom.