Daga Television zuwa KASU: Su Wa Ke Ƙetare Gada da Safe?

Duk mai son sanin irin ɗaliban da ke jami'ar gwamnati a Kaduna, ya fara daga tasha tun kafin ya isa ofishin rajista. Abin da na yi ke nan. Na tashi daga garejin Television da ke kudancin kogin Kaduna, na bi titin Kachia, na ƙetare gada, na ratsa tsakiyar gari har harabar Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, a kan titin Tafawa Balewa. Tafiya ce gajeriya da jama'a ke yi kullum ba tare da sun ɗauke ta a bakin komai ba, amma abin da ke cikinta ya tabbatar mini da magana guda. Jami'ar gwamnati na daga cikin 'yan wuraren da suka rage a Kaduna inda 'ya'yan talakawan ɓangarorin kogin biyu ke zama tare shekara da shekaru, kuma kuɗin makaranta da kuɗin mota da wurin kwana su ne za su yanke ko wannan zama zai ɗore ko zai watse.

Television unguwa ce a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, kusa da Sabon Tasha da Kakuri, kuma a garejinta ake lodin motocin Kachia da Zonkwa da Kafanchan. Tun da sassafe wurin ke cika, kwandastoci na kiran “Kasuwa! Kasuwa!”, mata masu kayan gwari na neman inda za su cusa buhunansu, ma'aikata na duba agogo. A cikin wannan cunkoso ba a ɓoye ɗalibi. Ga jaka a baya, ga farar rigar ɗakin gwaji a naɗe a hannu don kada ta yi datti, ga takardun darasi da aka yi wa fotokwafi har rubutun ya fara dusashewa, an ɗora su a kan gwiwa ana bita ko da mota na girgiza. A kujera ɗaya sai ka ji Hausa da Turancin buroka da Bajju ko Atyap ko Adara ko Gbagyi, wani lokaci har da Ibo. Akasarinsu 'ya'yan malaman makaranta ne da ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da 'yan fansho, gidajen da ake lissafa kuɗin motar ɗalibi tare da kuɗin cefane. Wanda iyayensa ke da halin jami'a mai zaman kanta ko karatu a ƙasar waje, da wuya ka same shi a wannan layi.

Da mota ta miƙa arewa, sai a wuce ta gefen Kakuri, kuma a nan tarihi ke shiga maganar. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya zo a 1975. Waɗannan masana'antu sun tara Bahaushe da Bajju da Bayerabe da Tibi a gaban inji ɗaya da ƙungiyar ƙwadago ɗaya, suka zauna haya a gida ɗaya, 'ya'yansu suka tashi tare. Yau yawancin masaƙun a rufe suke. A kan wannan rashi kuma aka ɗora wani: rikicin Shari'a na Fabrairu 2000 ya ci rayuka fiye da 1,000, na Nuwamba 2002 ya ci fiye da 200, sannan na bayan zaɓen 2011 ya ƙara fama gyambon. Bayan kowane rikici mutane sun kwashe kayansu sun koma inda suke ganin za su yi barci da ido biyu rufe. Kiristoci da yawa suka gangaro Television da Sabon Tasha da Narayi da Unguwan Romi, Musulmi da yawa suka haura Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Rabuwar ba ta zama tsaf ba, domin har yanzu akwai unguwanni irin su Barnawa inda ake cakuɗe, amma ta isa ta sa yaron da aka haifa bayan 2000 ya gama firamare da sakandare a unguwarsu bai taɓa samun aboki na kusa daga ɗaya addinin ba.

Bayan shataletalen tashar jirgin ƙasa sai gada, sai filin wasa na Ahmadu Bello, sai cunkoson kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, inda ake sauka a nemi Keke Napep mai zuwa ɓangaren Unguwan Rimi. A nan na ga ayarin ya sauya kama. Waɗanda suka taso daga kudu sun haɗu da waɗanda suka fito daga Tudun Wada da Rigasa da Unguwan Sanusi, 'yan mata masu dogon hijabi da samari masu hula, su ma da jakunkunansu da takardunsu. Mai keke bai tambayi kowa inda yake ibada ba, wuri ya cika ya ja. Lokacin da muka isa ƙofar jami'ar, hanyoyin nan biyu sun zama ɗaya, kuma ko'ina aka duba, abin da ke bakin kowa shi ne lakcar ƙarfe takwas da gwajin da ke tafe.

An kafa KASU a 2004, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi, shekaru huɗu bayan babban rikicin, domin ta ɗauki 'ya'yan ƙananan hukumomi 23 na jihar da ma na wasu jihohi. Abin da na gani a harabarta ya dace da wannan manufa. Akwai yaran da ba su daɗe da gama sakandare ba, akwai matan aure, akwai ma'aikatan da suka dawo neman digiri da furfura a gemu. Bambancin wannan haɗuwa da ta kasuwa shi ne daɗewa da dogaro da juna. A kasuwa ana ciniki a rabu. A jami'a kuwa, malami zai raba aikin rukuni, ɗan Rigasa ya tsinci kansa da 'yar Television, makin da za a ba su ɗaya ne, dole su karɓi lambar juna, su san lokacin da wannan zai tashi salla da ranar da wancan ke zuwa coci. Ɗaliban likitanci suna zagayen marasa lafiya tare a asibitin koyarwa na Barau Dikko. Reshen jami'ar da ke Kafanchan, inda ake koyar da aikin gona da ilimin muhalli, yana juya akalar tafiyar: ɗan Zariya ko Ikara ko Birnin Gwari shi ne zai bi hanyar kudu, ya kama ɗaki, ya koyi zama cikin mutanen da a da labarinsu kawai yake ji. Shekara huɗu ko biyar na irin wannan zama suna koya wa mutum abin da taron zaman lafiya na yini guda a otal ba zai koya masa ba. 

Mai ƙin wannan magana zai ce shiga aji ɗaya ba shi ne haɗin kai ba, kuma yana da hujja. Da an tashi lakca, wasu na nufar taron ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wasu na ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS ko ta 'yan Katolika, kowace ƙabila da kowace ƙaramar hukuma da tata ƙungiyar, zaɓen shugabannin ɗalibai ma kan bi wannan layi. Zai kuma tuna mana cewa rikicin Maris 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya fara, tsakanin ɗalibai, kafin ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. Duk gaskiya ne, kuma Hausawa sun riga sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Sai dai shekarun da suka biyo bayan 2000 sun nuna mana abin da rashin zaman ke haifarwa: jita-jita ta fi saurin kama wanda bai san kowa a ƙetaren kogi ba, domin ba shi da wanda zai buga wa waya ya ji gaskiyar abin da ke faruwa. Ƙungiyoyin addini da na gida ba laifi ba ne, su ne ke tallafa wa ɗalibi idan kuɗin rajista ya gagara ko ciwo ya kama shi. Darasin 1987 shi ne hukumar makaranta ta yi adalci wajen wuraren ibada da jadawalin lakca da jarrabawa da rabon ɗakunan kwana, ta kuma kashe ƙaramar wuta tun tana ƙarama. Wanda ya ɗauki darasin a kan cewa gara kowa ya yi karatu da nasa, ya ba da maganin da shi ne asalin cutar.

Wani kuma zai ce aikin jami'a ilimi ne, ilimi kuwa kuɗi yake ci, kuma ba za a bar ɗakunan gwaji babu kayan aiki da malamai babu alawus don kawai a riƙe kuɗin makaranta a ƙasa ba. Kusan hujjar da aka bayar ke nan a 2021, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin KASU daga ƙasa da naira 40,000 zuwa naira 150,000, ɗalibai suka fito zanga-zanga. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, ma'ana ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin wata biyar cur, bai ci bai sha ba, kafin ya biya wa ɗa guda. A Agusta 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin zuwa naira 105,000, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance na NELFUND. Na yarda jami'a na buƙatar kuɗi, kuma digirin da ba shi da inganci zalunci ne ga mai shi. Inda na saɓa shi ne a kan wanda za a ɗora wa nauyin. Duk ƙarin da aka yi, ɗan mai hali bai san an yi ba, wanda ke faɗuwa shi ne ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa a Television da ɗan mai shayi a Rigasa, su ne kuwa mazauna unguwannin da rikici ya fi ƙonawa. Jihar da ta san nawa take kashewa a kan tsaro da dokar hana fita da gyaran abin da aka ƙona, ya kamata ta ɗauki tallafin jami'arta a matsayin kuɗin da ke rage waccan asarar.

Kuɗin mota ma rajista ce ta biyu, wadda ake biya kullum. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, ɗalibin da ke hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa, ya shiga lissafin wace lakca zai halarta, wace zai ari littafin aboki ya kwafa. Ɗakunan kwanan jami'ar ba su isa kowa ba, hayar ɗaki a kusa da ita kuma ta fi ƙarfin yawancinsu, don haka da an tashi kowa ke hanzarin komawa ɓangarensa kafin dare. Nan ake asarar mafi daɗin zaman, domin abota ta fi ƙulluwa a wurin girki da hirar dare da karatun jarrabawa har asuba. Motocin bas masu amfani da iskar gas da gwamnatin jihar ta fito da su a 2025 mataki ne mai kyau, muddin za su ɗore kuma su bi hanyoyin da ɗalibai ke bi a lokutan da suke buƙata. Batun matsugunin dindindin na jami'ar a Rigachikun, can arewa a hanyar Zariya, shi ma yana buƙatar wannan tunani. Idan aka koma can ba tare da isassun ɗakunan kwana da motoci masu araha ba, ɗan Television da ɗan Sabon Tasha za su ga jami'ar jiharsu ta yi musu nisa, kamar yadda ɗan arewacin jihar ke ganin Kafanchan ta yi nisa duk lokacin da hanya ta rasa tsaro.

Saura magana ɗaya da ake yawan yi: ai 'yan jami'a kaɗan ne, yawancin matasan Kaduna ba su taɓa taka ƙofarta ba, kuma ba masu digiri ne ke fita da makami ranar rikici ba. Haka ne. Amma daga cikin 'yan kaɗan ɗin nan ake samun malamin sakandare da likita da lauya da ɗan jarida da jami'in ƙaramar hukuma da mai wa'azi a masallaci da coci, wato masu faɗa a ji, masu rabon aiki da fili da gurbin karatu. Idan waɗannan sun tashi ba su san juna ba, za su raba amanar jama'a da son kai ko da ba su yi niyya ba, domin mutum kan tuna wanda ya sani ne. Ƙarancinsu kuma dalili ne na a faɗaɗa ƙofa, a tallafa wa KASU da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kwalejojin ilimi, kowacce ta ɗauki nata kason.

Don haka nake ganin iyaye da malaman addini da 'yan majalisar jiha suna da tambayoyin da ya kamata su riƙa yi wa jami'ar gwamnati duk shekara, bayan tambayar yawan waɗanda suka fita da babban sakamako. Ɗalibai nawa aka ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma? Nawa ne suka ajiye karatu saboda kuɗi, kuma daga waɗanne unguwanni? Gado nawa aka ƙara a ɗakunan kwana, kuma yaya aka raba su? A fito da amsoshin fili kowa ya gani, a gina kasafin kuɗin jami'ar a kansu. Kaduna ta rasa masaƙun da suka haɗa iyaye, kuma ba ta da wani wuri da ya kai jami'ar gwamnati haɗa 'ya'yansu. Riƙe ƙofarta a buɗe ga ɗan talakan kudu da na arewa aiki ne da gwamnati za ta iya yi tun daga kasafin shekara mai zuwa.