Shekarun da al'adata ke ɓacewa

Ina da shekara ashirin da 'yan kai al'adata ta fara yi mini wasan ɓuya. Ta zo yau, sai ta yi watanni ba labari. Ga ƙuraje, ga 'yan gashi a haɓa, ga ƙiba. A gida aka ce sanyin mara ne, wasu suka ce jinnul ashiƙ. Na sha jiƙe-jiƙe ba adadi, aure yana ta shekaru, dangin miji sun zuba ido.

Likitar matan da na gani daga baya ta sa aka ɗebi jinina a rana ta uku da fara al'ada. Takardar ta fito da sakamakon sinadaran LH, FSH, testosterone, prolactin da sinadarin tayirod, wanda matsalarsa ke kawo maƙoƙo. Da na ga LH ya ninka FSH, hankalina ya tashi.

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki," in ji ta. "Wannan kaɗai ba ya tabbatar da komai."

Ta ce tun taron Rotterdam na 2003, likitoci kan nemi biyu cikin alamu uku kafin su ce mace na da lalurar PCOS: rikicewar al'ada, yawan sinadarin maza, da tarin ƙananan ƙwayaye a jakar ƙwai idan aka yi sikanin. Prolactin da tayirod kuwa, an auna su ne don kada a ɗora wa wannan lalura laifin wata. Abin da ya fi sanyaya mini rai shi ne jin cewa ɗigo-ɗigon da ake gani a hoton sikanin ba ƙari ba ne. Ƙwayaye ne da suka soma girma suka tsaya, ba sa buƙatar tiyata.

Sai ta tambaye ni ko ciki nake nema yanzu, domin magani na bin buƙatar mace ne. Wadda ba ta nema akan ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, saboda mahaifar da ta daɗe ba ta zubar da jini ba bangonta na kauri, abin da kan iya jawo cutar kansa bayan shekaru. Ni clomiphene ta ba ni don ƙwai ya nuna ya fito. Amma daga 2018 an fi farawa da letrozole a maimakonsa. Likitar ta haɗa mini da metformin, don jikina ba ya jin insulin sosai, ta ce in rage ko da kashi 5 cikin 100 na nauyina.

Na rage lemon kwalba da farar shinkafa, na riƙa tattaki bayan asuba. Cikin ya zo a hankali. Gwajin sukari kuwa har yau ban bar shi ba, don haihuwa ba ta kawar da haɗarin ciwon sukari.