Matan da Suka Yi Yaƙin Hitila da Keke da Akwati

A gidanmu Yaƙin Hitila na maza ne. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Bama, kuma abin da muka taso muna ji daga bakinsa bai wuce daji da ruwan sama da sauro da Japanawa ba. Mace ba ta cikin labarin, sai dai wadda aka bari tana jiran dawowar miji. Littattafan gwanjo ne suka shigo mini da mata cikin yaƙin, irin waɗanda ake bajewa a kan buhu a bakin kasuwa, bango a yage, wani ma shafin ƙarshe ya yi gaba.

Lokacin maza sun haukace a kan littattafan James Hadley Chase, mu kuwa a makarantar kwana littafi ɗaya yakan zaga ɗaki kamar ƙwaryar fura, kowa ta kurɓa ta miƙa. Haka The Key to Rebecca na Ken Follett, wanda ya fito a 1980, ya iso hannuna. Labarin Alƙahira ne a 1942, sojojin Jamus na Rommel na tunkaro Masar, wani ɗan leƙen asirin Jamus yana aika musu sirrin Ingila, ya kuma mai da wani littafin hikaya mabuɗin saƙonninsa. Soja da bindiga sun kasa kama shi, sai da aka ɗana masa tarko da wata budurwa mai suna Elene. Na karanta shi da tocila cikin bargo, bayan an kashe fitila, zuciyata na bugawa saboda ita, da kuma saboda takun matron.

Bayan shekaru, ina jami'a, sai ga Charlotte Gray na Sebastian Faulks na 1998, sai kuma Jackdaws na Follett na 2001, inda wata Flick ta ja ayarin mata suka shiga Faransa da shigar masu shara don su tarwatsa cibiyar wayar tarhon Jamusawa ana gab da saukar sojojin ƙawance a watan Yunin 1944. A nan ne na san cewa akwai hukuma ta gaske a bayan waɗannan labarai, SOE, wadda Ingila ta kafa a 1940. Dalilin tura mata ma ba na tausayi ba ne. Jamus na kwasar samarin Faransa aikin tilas, don haka duk ƙaton da aka gani yana yawo a titi abin tuhuma ne. Mace kuwa da kekenta da kwandon cefane, wa zai dube ta sau biyu?

Abin da ya riƙe ni a littattafan, wanda har yau nake kewa, shi ne ƙananan abubuwa ke kashe mutum. Ɗinkin riga irin na Ingila ya isa ya tona asiri, don haka sai an ɗinka musu kaya irin na Faransa. Wajen tsallaka titi, idan ta fara duba dama maimakon hagu, ta nuna inda ta fito. Irin wannan lura muka sani a cikin gida: wa ya shigo, me ta ɗaura, me ya sa muryarta ta sauya. Sai ga shi a littafi an mai da ita makamin yaƙi. Ga kuma jira. Jirgin Lysander mai kai su Faransa ba ya sauka sai da farin wata. Mai aika saƙo takan ɗauki rediyo mai nauyin kusan kilo 15 a cikin akwati, ta rataya waya ta taga, ta yi ta ƙwanƙwasa saƙo alhali motocin Jamusawa masu bin sawun sigina na kewaya unguwa. Marubuci zai ci shafi goma a kan wannan kaɗai, ba a harba ko harsashi ɗaya ba, kai kuma ka kasa ajiye littafin ko tuwo na ƙonewa.

A lokacin babu intanet a hannunmu da za a duba wane ne na gaske, wane ne ƙirƙira. Gardama muke yi. Wata ƙawata, Allah Ya jiƙanta, takan ce, "Ke dai Turawa da ƙarya, wace mace ce za ta diro daga jirgi da laima?" Da ta ga abin da na gani daga baya, da ta yi shiru.

Domin tarihin ya fi hikayar ɗaure kai. Noor Inayat Khan, Musulma, 'yar wani malamin Sufaye ɗan Indiya, an haife ta a Mosko a 1914, marubuciyar tatsuniyoyin yara ce. An sauke ta a Faransa a watan Yunin 1943 da sunan ɓoye Madeleine, daidai lokacin da Jamusawa ke kame 'yan ƙungiyar SOE mai suna Prosper ɗaya bayan ɗaya. Ta ci gaba da aika saƙo daga Paris har aka kama ta a watan Oktoba. Jamusawa suka ci gaba da amfani da rediyonta kamar ita ce, Landan kuma ta yi ta amsawa, har ta tura wasu mutanen kai tsaye cikin hannun maƙiya. An kashe ta a sansanin Dachau a watan Satumban 1944.

Wadda ta yi aikin binciken makomar su Noor kuwa ita ce Vera Atkins, jami'ar SOE da ke raka su filin jirgi. Da aka gama yaƙi ta bi sawun fiye da mutum 100 da suka ɓace, gidan yari bayan gidan yari, tana titsiye masu gadi da kwamandojin sansani. An kashe mata huɗu a sansanin Natzweiler a watan Yulin 1944. Ta gano uku, ta ɗauka Noor ce ta huɗun, sai daga baya ta tabbata Sonia Olschanezky ce. Sarah Helm ta ba da wannan labari a A Life in Secrets na 2005, kuma a ganina babu hikayar da ta kamo ƙafarsa. A dutsen tunawa da 'yan SOE da suka mutu na Valençay akwai sunaye 104, 13 daga ciki na mata ne.

Yanzu irin waɗannan littattafai sun yi yawa: The Alice Network na Kate Quinn na 2017, a kan Louise de Bettignies ta Yaƙin Duniya na Farko, da Code Name Verity na Elizabeth Wein na 2012, wanda na saya wa 'yata na riga ta karantawa. Wannan na biyun ya yi. Da yawa daga sauran kuwa soyayya ce aka sa wa kaki, bangonsu ma iri ɗaya, mace ta juya baya jirage na shawagi a sama, kuma tun babi na uku ka san maci amanar.

A gaskiyar lamari ba a san shi da sauƙi haka ba. Henri Déricourt, wanda ke tsara saukar jiragen, an zarge shi da nuna wa Jamusawa wasiƙun 'yan leƙen asirin. Kotun soja ta Faransa ta wanke shi a 1948, bayan wani tsohon babban jami'in SOE ya ba da shaida a kansa mai kyau. Ya mutu a haɗarin jirgi a Laos a 1962, masana tarihi kuma har gobe suna jayayya kan ko Jamus yake yi wa aiki, ko wata hukumar Ingila, ko aljihunsa.